Yadda Ake Tuƙa Ƙaramin Jirgin Sama Mai Batir da Rimot a Saudiyya, Daga Kwali Har Zuwa Sauka

Kusan duk safiyar Juma'ar da na fita da jirgina bayan garin Jidda, sai na samu ɗan'uwa Bahaushe ya tsayar da mota ya matso, a gaisa, sannan tambayoyi su biyo baya: nawa ka saya, a ina, ba a kamawa, yaya ake koyo? Wasu daga Makka da Madina da Riyadh suke kira na a waya da irin waɗannan tambayoyi. Shi ya sa na ga gara in jera amsar a wuri guda, yadda nake yi da hannuna.

Abin da na lura da shi cikin shekarun nan shi ne, mafi yawan jiragen da na ga sun tarwatse tun suna ƙasa aka jawo musu, wajen tsallake wani mataki. Kuma ƙasar nan tana da nata sharuɗɗan: zafi, iska da yashi. Don haka ka bi jerin nan kamar yadda ya zo.

1. Izini kafin sayayya

Kada ka kashe riyal ko ɗaya sai ka gama da wannan. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Saudiyya, GACA, ita ke yi wa ƙananan jirage marasa matuƙi rajista da ba da izini, kuma tun farkon 2019 ake nema ta intanet. Jirgin da nauyinsa ya kai giram 250 ko fiye yana buƙatar rajista, jirgin koyo kuwa yakan kai kilo guda. Shiga shafinsu, ka karanta sharuɗɗan da ke aiki a lokacin da kake nema, ka ajiye takardarka a waya tare da igamarka, wato katin izinin zama.

Gargaɗi: kada ka kusanci Harami, na Makka ko na Madina, da wuraren aikin Hajji. Haka filayen jirgi, kamar na Sarki Abdul'aziz da ke arewacin Jidda ko na Sarki Khalid a Riyadh, da barikoki, da fadoji, da wuraren mai da lantarki. A watan Afrilun 2018 jami'an tsaro sun harbo wani ƙaramin jirgin wasa a unguwar Khuzama a Riyadh. Ba sa ɗaukar lamarin da sauƙi, mu kuma baƙi ne a nan, bai kamata abin nishaɗi ya jawo wa mutum matsalar zama ba. Iyakar tsawon da aka saba ƙayyadewa mita 120 ne, kuma jirgin ya kasance idonka na ganinsa koyaushe.

2. Jirgin farko

Nan ne sha'awa ke kayar da mutane. Kowa idonsa na kan jirgin yaƙi mai tsinin hanci. Bar shi tukuna. Jirgin koyo shi ne wanda fukafukansa ke saman gangar jiki, faɗinsu daga baki zuwa baki mita 1.2 zuwa 1.4, an yi shi da kumfar roba irin ta EPO ko EPP. Irin wannan idan ka saki sanda yakan nemi miƙewa da kansa, yana tafiya a hankali, in ya faɗi kuma gam ya ishe shi. Ƙanana masu faɗin rabin mita suna da araha, amma iskar gaɓar teku tana wasa da su kamar leda.

A ƙasar yashi na fi son wanda farfelarsa ke bayan fiffike tana turawa, irin AeroScout ko Bixler ko Ranger. In ya sauka a kan ciki, farfela ba ta taɓa ƙasa, injin ma ba ya shaƙar yashi. Ka zaɓi fari mai ratsin ja ko ruwan lemo. Launi mai duhu yana jan rana har kumfar ta yi ƙuraje, shuɗi kuma yana ɓacewa a sararin sama.

3. Kayan aiki da kuɗinsu

Farashi yana hawa yana sauka, ga harajin kaya na kashi 15 cikin ɗari, amma ga yadda za ka yi kasafi:

Jirgi da injinsa, da na'urar saita gudun inji da ake kira ESC, da sarbo, wato ƙananan injinan da ke motsa leɓɓan fiffike da na wutsiya: kimanin riyal 400 zuwa 800.

Rimot mai zangon 2.4GHz, mai tasha shida, tare da risibarsa, wato na'urar da ake sa wa a jirgi tana karɓar saƙon rimot, kamar FlySky FS-i6: kimanin riyal 200 zuwa 300.

Batir na LiPo mai sel uku, 11.1V, 2200mAh: kimanin riyal 60 zuwa 120 kowanne. Sayi uku. Batir ɗaya na nufin ka yi tafiyar minti arba'in don tuƙin minti takwas.

Caja mai daidaita sel, irin iMAX B6 ko makamanciyarta: riyal 100 zuwa 200.

Sai ƙananan abubuwa: ɗan ma'aunin batir, farfela huɗu na canji, jakar batir mai hana wuta, gam ɗin efoksi, salatif mai ƙwari, sukundireba da filaya. Duka-duka ka tanadi riyal 880 zuwa 1,660, ban da ƙananan abubuwan. In daga waje za ka yi oda, ka sani kwastan na iya riƙe kayan har sai ka nuna takarda, wanda shi ne wani dalilin fara neman izini.

Gargaɗi: jirgi na hannu za ka iya saya in ka duba shi da kyau, amma batir na hannu a'a. Ba ka san wahalar da ya sha ba.

4. Sati biyu a kwamfuta

Haɗa rimot ɗinka da kwamfuta, ka sauke manhajar gwajin tuƙi. PicaSim kyauta ce, RealFlight ta kuɗi ce. Saita rimot a tsari na biyu, wanda yawancin mutane ke amfani da shi: sandar hagu totur ne in ka tura gaba, in ka kai ta gefe kuma tana juya leɓen wutsiya na tsaye, sandar dama in ka ja baya hanci ya ɗaga, in ka kai ta gefe jirgi ya karkata.

Minti ashirin kullum bayan Isha'i ya isa. Abin da kake nema shi ne yatsunka su saba da lokacin da jirgi ya fuskanto ka, domin a nan damarsa ta zama hagunka. Dabarar ita ce: in yana zuwa wajenka ya karkata, ka tura sandar dama zuwa ɓangaren fiffiken da ya yi ƙasa, kamar kana tokare shi. Kada ka fita fili sai ka iya sauka sau goma a jere ba faɗuwa, tare da kunna iska a manhajar.

5. Haɗawa da auna nauyi

Cire farfela kafin ka jona batir a cikin gida. Wannan ba shawara ba ce da za a zaɓa. Injin lantarki yana tashi nan take ba gargaɗi, farfelar kuma tana yanka har ƙashi. In ka gwada inji ka ga yana juyi baibai, sauya kowaɗanne biyu daga cikin wayoyi ukun da ke tsakaninsa da ESC. Wajen mayar da farfela, fuskar da ke da lambobi ita ke kallon gaban jirgi, ko da injin a baya yake. Mutane da yawa suna juya ta, jirgi ya yi ta ƙara ba ƙarfi.

Sai ma'aunin nauyi, wanda shi ne ran jirgi. Takardar jirgin za ta faɗi wurin, yawanci tsakanin kashi 25 zuwa 33 cikin ɗari na faɗin fiffike in ka auno daga bakinsa na gaba. Sa alama da biro a ƙarƙashin fukafukai biyu, saka batir a mazauninsa, ka ɗaga jirgin da kan yatsu biyu a kan alamar. Ya tsaya daidai, ko hanci ya ɗan sunkuya kaɗan. In wutsiya ce ta rinjaya, matsar da batir gaba. Jirgi mai nauyin hanci zai yi maka nauyin hannu, amma zai dawo. Mai nauyin wutsiya yana tashi zai miƙe tsaye ya juyo ya daki ƙasa, ko wa ke riƙe da rimot. Jirgina na farko haka na rasa shi: ban ɗaure batir da kyau ba, ina jefa shi ya zame baya, cikin daƙiƙa biyar komai ya ƙare. Tun daga ranar nake sa maɗauri biyu.

Gargaɗi kan gam: wanda ake narkarwa da bindiga yana sakewa a cikin motar da ta sha rana. Na ga wutsiya ta ɓalle a sama saboda shi. Gam mai kamawa nan take kuma yana cinye wasu nau'o'in kumfa, sai ka gwada a wani ɗan gefe tukuna.

6. Saita rimot

Abu huɗu. Na ɗaya, ware makunni guda ya zama makashin totur, yadda ko sanda ta motsa inji ba zai tashi ba. Na biyu, saita abin da risiba za ta yi in ta daina jin rimot: totur ya koma sifili. Gwada shi ba farfela, ka ba da totur kaɗan sannan ka kashe rimot, inji ya tsaya. Na uku, rage kaifin sanduna: motsin leɓɓa ya koma kamar kashi 70, laushin tsakiya, wato rage kaifin amsawa in sanda na kusa da tsakiya, kashi 25 zuwa 30. Na huɗu, saita agogon ƙidayar lokacin tuƙi a minti 6.

7. Batir a ƙasar zafi

A nan zan daɗe, domin batir ne kaɗai cikin kayan nan zai iya ƙona maka ɗaki.

Kowane sel cikarsa 4.2V ne, wato 12.6V ga mai sel uku. Zaɓi LiPo a caja, ka tabbatar ta ga sel uku, ka jona babbar waya da ƙaramar wayar daidaitawa, ka sa 2.2A ga batir 2200mAh. Zai ɗauki kimanin awa ɗaya. Yi cajin a kan tayil ko siminti, cikin jakarsa, nesa da katifa da labule, kana zaune a wurin. Kada ka jona ka tafi masallaci, kada ka jona ka kwanta. Mu da yawanmu ɗaki ɗaya muke rabawa da 'yan'uwa, hakkinsu na wuyanmu. Ajiye bokitin yashi kusa.

Ba a fafe gora ranar tafiya: yi caji daren Alhamis in Juma'a za ka fita. Amma in fitar ta fasa, kada ka bar shi cike har sati. Cajar tana da tsarin ajiya da ke mayar da kowane sel wajen 3.8V. Batirin da aka bari cike cikin zafi shi ke kumbura.

Mota da aka rufe a ranar bazara a Jidda ko Riyadh cikinta yana wuce digiri 60, wanda ya kai iyakar abin da LiPo ke jurewa. Kada ka bar batir a ciki ko na awa ɗaya. Ni a ƙaramar kula nake zuba nawa, ba ƙanƙara, in ajiye a inuwa. Bayan sauka ka taɓa shi, in ya yi zafin da ba ka iya riƙewa, ka matsa masa da yawa. Bari ya huce kafin a sake caji.

Bayan kowane tuƙi ka auna. In ka samu 3.7V zuwa 3.8V a kowane sel, lokacinka daidai ne. In ya haura haka, ƙara minti ɗaya a agogo. In ya yi ƙasa da 3.5V, ka cuce shi, rage lokaci. Wanda ya kumbura ko ya lotse, aikinsa ya ƙare. Jona masa ƙwan fitilar mota a waje, a kan yashi, har ya mutu sarai, kafin a kai shi wurin zubar da batura.

Ga masu tafiya gida hutu: batir irin wannan a jakar hannu ake ɗauka, ba a cikin kayan awo ba, a rufe bakin wayoyinsa da salatif.

8. Fili da lokaci

Nemi fili mai girman filin ƙwallo biyu ko fiye, ba turakun lantarki, ba titi, ba tantuna, ba garken raƙuma, ba mutane. Ƙasa mai tauri ta fi yashi mai laushi. Lokaci kuwa bayan sallar Asuba ne, da zarar gari ya waye sosai. A Jidda iskar teku takan taso daga arewa maso yamma in rana ta ɗaga, zuwa la'asar ta yi ƙarfi. Mai koyo kada ya tashi in iska ta wuce kilomita 10 zuwa 12 a awa. Ɗebi yashi ka saki, ka ga inda ya nufa. In ka hango ƙura ta tokare sama, nannaɗe kayanka.

Tsaya rana na bayanka. Jirgin da ya ratsa ta gaban rana ya ɓace maka na daƙiƙu, kuma daƙiƙun nan sun isa. Mutanen Ɗa'if da Abha su lura: a kan tudu iska ba ta da kauri, jirgi na buƙatar ƙarin gudu wajen tashi da sauka.

9. Dubawar ƙarshe

Kunna rimot da farko, totur a ƙasa, makashi a kunne, sannan ka jona batir. In jirginka na da na'urar daidaita kai, bar shi a ajiye ba motsi har ta gama shiri.

Tsaya a bayan jirgi. Sandar dama zuwa dama: leɓen fiffiken dama ya ɗaga, na hagu ya sauka. Ja ta baya: leɓen wutsiya na kwance ya ɗaga. Sandar hagu zuwa dama: leɓen tsaye ya juya dama. Kada ka wadatu da ganin suna motsi, duba inda suka nufa. Leɓen da ke aiki baibai ya kashe jirage fiye da iska. Yi wannan kafin kowane tashi, ko na goma ne a ranar.

Sai gwajin nisa: sa rimot a ƙaramin ƙarfi in yana da wannan tsari, ka ja baya taku talatin, wani ya duba ko leɓɓa na amsawa. Sake auna nauyi da yatsu.

10. Tashi

Kullum ana tashi ne ana fuskantar iska. In akwai wanda ya iya a kusa, ba shi ya fara tayar maka ya daidaita shi, babu abin kunya a ciki. In jifa za a yi, wani ya jefa maka, hannuwanka biyu na kan rimot. Totur kashi uku cikin huɗu ko cikakke, a tura jirgin gaba a miƙe, fukafukai daidai, ba a cilla shi sama kamar dutse ba. Bar shi ya samu gudu na daƙiƙa biyu, sannan ka ɗan ja sanda.

Gargaɗi: babban kuskuren wannan mataki shi ne jan sanda da yawa don tsoron ƙasa. Hanci in ya ɗaga fiye da kima gudu ya mutu, iskar da ke ɗauke da fiffike ta sake shi, jirgi ya sulale ta gefe. In ka ga haka a sama, saki sanda, bar hanci ya sauka, ƙara totur, sannan ka ja a hankali.

11. A sama

Hau zuwa mita 50 ko 60. Mai koyo yana ganin kusa da ƙasa ne aminci, alhali tsawo shi ke ba ka lokacin gyara kuskure. Mayar da totur rabi. Saki sanda ka gani: in yana jan gefe ko yana sunkuyawa, danna ƙananan maɓallan daidaitawa har ya miƙe.

Kwana kuwa mataki uku ce: karkata shi kaɗan, mayar da sanda tsakiya ka ɗan ja baya don kada hanci ya faɗi, in ya gama juyowa ka tura ɗaya gefen ya miƙe. In ka ci gaba da riƙe sanda a gefe, zai yi ta mirginawa har ya nufo ƙasa. Motsin yatsa kaɗan-kaɗan ne. Riƙe jirgin a gabanka, ta ɓangaren da iska ke fitowa, don in wani abu ya faru ta kawo maka shi. Kada ya bi ta kanka ko bayanka. In yana bin iska za ka ga ya ƙara sauri, kada wannan ya sa ka rage totur.

12. Sauka

Kada ka jira agogo ya yi ƙara. Tun minti na uku fara gwajin sauka, domin ka samu batirin sake zagayowa. Bi da jirgin ta gefen fili yana bin iska, rage totur zuwa kashi ɗaya cikin uku, yi kwana mai faɗi, ka miƙo shi yana fuskantar iska, ya wuce ta gabanka da tazarar taku goma sha biyar. Totur shi ke ƙayyade saurin gangarowa: in ka ga ba zai iso ba ƙara totur, kada ka ja hanci. In ya kai tsawon ƙugu kashe totur, a tsawon gwiwa ka ja sanda a hankali ka riƙe, ya zauna da kansa. In abin bai yi maka ba, ba da totur ka sake zagaye, ko sau uku ne.

Yana tsayawa kunna makashin totur, cire batir, sannan ka kashe rimot. Rimot shi ne farkon kunnawa, shi ne ƙarshen kashewa.

13. In ya faɗi, da in an dawo gida

Da ka ga faɗuwa ta tabbata, kashe totur kafin ya taɓa ƙasa, hakan na ceton inji da ESC. Je ka cire batir, ka ajiye shi a fili kan yashi na rabin awa kana lura da shi, kada ka jefa shi mota nan take. Tattara duk gutsuren kumfa, har ƙanana, domin efoksi da salatif suna mayar da jirgin da kake ganin ya gama. Inda kumfa ta lotse, zuba ruwan zafi, takan taso.

Ko bai faɗi ba, juya inji da yatsa. In ka ji ƙaras-ƙaras, maganaɗisun ciki ya jawo yashi mai ƙarfe. Kada ka kunna shi haka. Hure shi, ka share da tsohon buroshin haƙori, ka lalubo ragowar da salatif. Duba farfela, in ta tsage ko kaɗan canza ta, ba a liƙe farfela. Ja kowane leɓe a hankali ka ga ko maƙalarsa ta saki. Batura su koma 3.8V a daren, jirgin kuma a shigar da shi ɗaki, a kwantar da fiffiken a shimfiɗe, domin in ya kwana biyu a but ɗin mota zai lanƙwashe, kuma fiffiken da ya lanƙwashe sai dai a sayi wani.